Allurar Basir na Ciki: Yadda Ake Yin Ta, Wanda Ta Dace da Shi, da Tsawon Lokacin da Take Riƙewa

Duk wanda yake zaune a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Lokpanta, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san babu cutar da ake tallar maganinta kamar basir. Mai mota da lasifika yana da nasa, mai jarka yana da nasa, Yarbawa ma ga nasu na jedi-jedi. Yanzu kuma maganar da ta fi yawo ita ce ta allura, wai a yi maka guda ɗaya ka rabu da basir har abada.

Allurar basir gaskiya ce, ba ƙirƙira ba ce. Likitocin tiyata suna yin ta a manyan asibitoci, har nan Najeriya. Tana da saurin tsayar da jini, ba ta da zafi sosai, kuma ba a kwantar da mutum. Amma maganar har abada ɗin nan, ita ce ba haka take ba. Abin da likitoci suka gani bayan sun bi mutane na shekaru shi ne, ga da yawa daga cikinsu ciwon yana dawowa. Ga bayanin dalla-dalla, domin mutum ya san me zai saya da kuɗinsa.

Mene ne basir na ciki?

A cikin duburar kowane mutum, mai lafiya da marar lafiya, akwai wasu 'yan matasai na tsoka da jijiyoyin jini, galibi guda uku. Aikinsu shi ne su taimaka wajen rufe ƙofar da kyau, kada iska ko ruwa ya riƙa zubowa. Idan mutum ya daɗe yana yunƙuri wajen bayan gida, ko mace tana da ciki, ko shekaru sun ja, sai matasan nan su kumbura, zaren da ke riƙe da su ya saki, su fara zamowa ƙasa. Wannan shi ne basir na ciki.

Wurin da yake, fatar ciki ce wadda ba ta jin zafin yanka ko na tsini kamar fatar waje. Shi ya sa basir na ciki yakan zubar da jini jajir ba tare da ciwo ba. Na waje kuwa yana ƙarƙashin fata mai ji, shi ne wanda idan jini ya daskare a cikinsa mutum ba ya iya zama.

Likitoci sun kasa na ciki mataki huɗu:

Mataki na 1: yana jini amma ba ya leƙowa waje.
Mataki na 2: yana leƙowa lokacin yunƙuri, ya koma da kansa.
Mataki na 3: yana fitowa, sai an tura shi da yatsa.
Mataki na 4: yana waje kullum, ko an tura ba ya zama.

A riƙe matakan nan, domin a kansu maganar allura take tafiya. Ita allurar an fi yin ta ne ga mataki na 1 da na 2. Na 3 wani lokaci akan gwada. Na 4 da na waje kuwa ba hurumin wannan allura ba ne.

Ba irin allurar da muka saba ba ce

Mu da muka tashi a harkar shanu mun yarda da allura ƙwarai. Saniya ta ƙi kiwo, a ɗauko sirinji a soka mata a wuya ko a cinya, maganin ya bi jini, gobe ta miƙe. Da wannan tunanin mutane da yawa suke kallon allurar basir, suna zaton ita ma a ɗuwawu ko a hannu ake yi, ta bi jiki ta kashe cutar. Ba haka ba ne. Basir ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe, nama ne ya saki.

Ana yin allurar ne a cikin dubura, a gindin shi kansa basir ɗin. Mutum zai kwanta a gefen hagu ya naɗe gwiwoyi. Likita zai sa wani ɗan gajeren bututu mai haske domin ya ga wurin da idonsa, sannan ya sa doguwar allura ya zuba maganin a ƙarƙashin fatar ciki, sama da inda ake jin zafi. Kowane gindi yakan sami kamar mil 2 zuwa 5 idan mai mai ne. Maganin sai ya jawo ɗan kumburi a wurin, bayan kwanaki kumburin ya zama tabo. Tabon nan shi ne aikin: yana matse ƙananan jijiyoyin da ke zubar da jini, kuma yana manne naman da ya saki a jikin bangon hanji.

Duka-duka mintoci kaɗan ne, ba a sa mutum barci, kuma yana iya komawa gida a ranar. Akan ji nauyi-nauyi ko ɗan ciwo mai sauƙi na kwana ɗaya ko biyu. Idan jinin bai tsaya ba akan sake bayan kamar wata ɗaya ko sati shida. Idan kuwa ana sokawa ka ji zafi mai tsini nan take, ka faɗa wa likita ya tsaya, alama ce allurar ta sauka ƙasa da inda ya kamata.

Me ake zubawa?

Wanda ya fi daɗewa shi ne finol kashi 5 cikin 100 a cikin man almon ko wani man tsirrai. Akwai folidokanol, wanda ake yi da shi a ruwa ko a kaɗa shi ya zama kumfa. Akwai ruwan sukari mai kauri na asibiti, kashi 50 cikin 100, wanda likitocinmu na gida suka gwada saboda yana da araha kuma ana samunsa a kowane asibiti. A Japan kuma tun 2005 suna amfani da wani haɗi mai suna Zione, wanda suka gyaro daga wani maganin ƙasar Sin. A cikinsa akwai alif da kuma sinadarin tanin, dangin abin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jeme fata da shi.

Kada jin sunan alif da sukari ya sa wani ya ce ai waɗannan muna da su a gida. Na allura an tace su ne a masana'anta, an auna, babu ƙwayar cuta a ciki. Alif ɗin kasuwa ko sukarin shayi idan ya shiga naman mutum ruɓa zai kawo.

Ɗan tarihi mai darasi

A 1869 wani likita mai suna John Morgan ya fara gwada zuba wani gishirin ƙarfe a cikin basir. A 1871 wani Mitchell a garin Clinton na jihar Illinois a Amurka ya fara amfani da finol cikin man zaitun. Sai ya ɓoye haɗin, ya riƙa sayar da sirrin ga mutanen da ba likitoci ba, su kuma suna bin gari-gari suna yi wa mutane allura. A 1879 wani likitan Chicago, Edmund Andrews, ya tattara labarin mutum sama da 3,000 da aka yi wa, ya tarar da yawa sun sami sauƙi, amma akwai waɗanda suka gamu da mummunan ciwo, har da waɗanda suka mutu. Sai a wajajen 1928 aka daidaita hanyar da ake bi yau, wato a rage ƙarfin finol zuwa kashi 5 kuma a zuba shi a sama da basir ɗin.

Ka ga kenan tun farkonta allurar nan a hannun masu yawo ta fara ɓarna. Maganin ɗaya ne, bambancin yana ga hannun da ke riƙe da allurar da idon da ke ganin wurin.

Shin tana riƙewa? Ga abin da bincike ya nuna

A watannin farko sakamakon yana da kyau. A asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, likitoci sun gwada finol da ruwan sukarin nan gefe da gefe, suka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida duka biyun sun tsayar da jini ga mafi yawan marasa lafiyan, kuma babu wani babban bambanci a tsakaninsu. A LUTH, nan Idi-Araba kusa da unguwar 'yan uwanmu, an gwada folidokanol da ɗaurin roba, aka buga a 2020. A 'yan watannin da aka bi mutanen, duka biyun sun yi aiki, sai dai masu roba sun fi jin ciwo bayan an yi. A Jamus ma a 2013 an nuna cewa kumfar folidokanol ta tsayar da jini ga kashi 88 cikin 100 a zama ɗaya, na ruwan kuma kashi 69.

To amma lura, duk waɗannan na watanni ne. Tambayar mai biyan kuɗi ita ce, bayan shekara uku ko huɗu fa?

A 1993 wasu likitoci a Landan sun buga abin da suka gani ga mutum 189 da aka yi wa allurar finol zama ɗaya, bayan shekara huɗu. Waɗanda suka warke sarai 53 ne, wato kashi 28 cikin 100. Wasu kaɗan sun ce da sauƙi. Kusan rabi kuwa ko dai suna nan yadda suke, ko abin ya ƙaru. Mutum 16 sai da aka yi musu tiyata.

Kafin wannan, a 1988, an yi wani ƙaramin gwaji a Ingila mai ban mamaki. An raba masu basir mai jini gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu allura aka kuma ba su maganin laushin bayan gida, ɗaya kashin maganin laushin kawai aka ba su. Bayan wata shida babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu wajen zubar jini.

A 1995 kuma wasu likitoci biyu a Kanada, MacRae da McLeod, suka haɗa gwaje-gwaje da dama wuri guda suka auna. Suka tarar ɗaurin roba ya fi allura aiki, kuma waɗanda aka yi wa allura sun fi komawa neman ƙarin magani. Tiyata ita ta fi duka hana dawowa, amma ita ta fi zafi da wahala.

Dalilin dawowar ba ɓoyayye ba ne. Tabon da allura ta yi yana riƙe naman ne kawai, kamar dai ka ɗaure shingen da ya karkata da igiya. Idan shanun da suka ture shi suna nan suna jingina kullum, igiyar za ta saki. Muddin taurin bayan gida da yunƙuri suna nan, naman zai sake zamowa.

Wannan ba ya nufin allurar banza ce. Ga mutumin da jini ke zuba har ya fara jiri, abin da zai tsayar masa da shi cikin kwanaki ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ana iya maimaita ta. Likitoci sukan zaɓe ta ga tsofaffi, da masu shan maganin tsinka jini, da waɗanda jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba. A ɗauke ta a matsayin mai tsayar da jini da sayen lokaci, kada a ɗauke ta a matsayin sallama da basir.

Sauran hanyoyin a taƙaice

Ɗaurin roba: likita yana sa wata 'yar ƙaramar roba a gindin basir ɗin, jini ya daina shiga, bayan kamar sati ya bushe ya faɗi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dandaƙar ɗan rago da roba ya gane dabarar. An fara ta a 1958, aka gyara ta a 1963. Ita aka fi zaɓa ga mataki na 2 da wasu na 3. Ita ma ba har abada ba ce: a wani babban gwaji a Birtaniya a 2016, kusan rabin waɗanda aka ɗaure wa sau ɗaya sun ga alamun sun dawo cikin shekara, ko da yake da yawansu ƙarin ɗauri ɗaya ya wadatar.

Tiyata: a yanke basir ɗin gaba ɗaya. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Milligan da Morgan suka fito da ita a asibitin St Mark's na Landan a 1937. Ita ce ta mataki na 4 da na 3 mai tsanani. Akwai ciwo na makonni, amma dawowa ba ta da yawa.

Haɗarin allurar

A hannun gwani matsala ba ta da yawa, amma tana faruwa. Akwai ɗan jini, da gyambo a wurin, da zazzaɓi. Abin tsoron shi ne idan allurar ta yi zurfi. A jikin namiji, bayan bangon gaba na dubura akwai ƙululun furostet da ke ƙarƙashin mafitsara. Idan maganin ya shiga can, mutum yana iya fitsarin jini, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙurji ya taru a ciki. Likitoci sun ma rubuta labarin mazan da ƙarfinsu na aure ya tafi bayan irin wannan kuskure. Akwai kuma ruɓewar nama da shigar ƙwayar cuta cikin jini, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa.

Wannan wurin a tsaya a yi tunani. Masu talla kullum suna cewa basir ne ke kashe ƙarfin namiji, da wannan suke jan mutane. A likitance basir ba ya yin haka. Raunin mazakuta ya fi zuwa daga ciwon sukari, hawan jini, taba, damuwa da wasu ƙwayoyi. Sai ga shi mutum ya je neman ƙarfi wurin wanda bai san wurin ba, allurar ta jawo masa abin da yake gudu.

Bayan allura, idan ka ga zazzaɓi, ko ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko fitsari ya tsaya, ko jini ya ɓalle, ka tafi asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye. Kafin a yi kuma, mai ciki ta faɗa, mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa, wanda gyaɗa ko danginta ke tayar masa da borin jini shi ma ya faɗa, saboda man da ake haɗa finol da shi.

Ba duk jini ne basir ba

Wannan ya fi komai muhimmanci a rubutun nan. A bakinmu duk abin da ya fito ta dubura sunansa basir, alhali cututtuka da yawa suna zubar da jini ta nan. Akwai tsagewar bakin dubura, wadda ke zafi kamar reza lokacin bayan gida. Akwai atini. Akwai tsutsar tsargiya ta hanji ga masu shiga rafi da fadama. Akwai kuma sankarar hanji da ta dubura. Likitocin Najeriya sun daɗe suna kuka cewa wannan sankara tana kama mutanenmu da ƙarancin shekaru fiye da yadda take yi wa Turawa, kuma mafi yawa ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa. Wani ya shafe shekara yana shan maganin basir.

Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka yarda a yi maka allura sai an leƙa hanjinka da na'ura: jini baƙi ko wanda ya cakuɗe da bayan gida, rama ba dalili, canjin yanayin bayan gida na makonni, jin kamar ba ka gama ba kullum, majina, ƙarancin jini, shekaru sama da 40, ko wani a danginku ya taɓa yin sankarar hanji. Mutum yana iya samun basir da sankara lokaci guda. Allura sai ta tsayar da jinin basir, hankali ya kwanta, ita kuma tana can tana girma.

Ina za a je?

A nemi asibitin gwamnati ko na kuɗi mai rajista, a ce ana son ganin likitan tiyata. Na Legas ga LUTH da LASUTH a Ikeja. Na Ibadan ga UCH. Na Fatakwal ga UPTH, na Benin ga UBTH, na Lokpanta da kewaye ga asibitin tarayya na Umuahia ko UNTH a Inugu. Mu na gida, daga Fadan Kagoma, Kwoi, Godogodo da Jagindi, mafi kusa shi ne babban asibitin Kafanchan, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum JUTH a Jos, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Shika. Kunya ce take kashe mutane a wannan ciwo. Likita ya ga dubbai kafin kai, mace kuma tana da damar ta nemi ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin.

Kafin ka kwanta, yi tambaya huɗu: Basir nawa mataki na nawa ne? Wane magani za a zuba, me sunansa? Zama nawa zan yi, kuma nawa ne kuɗin duka? Idan ya dawo, sai me? Wanda ya ce maganinsa sirri ne, ko zai yi maka ba tare da ya duba ciki da haske ba, ko ya rantse maka ba zai taɓa dawowa ba, ɗauki takalminka. Mai kemis ba hurumin sa ba ne, wanzami ma haka.

Abin da ke sa ta daɗe

Rayuwar kudu ita kanta tana kawo taurin bayan gida. Ɗan rakiyar shanu ya taso daga Kafanchan ya bi Akwanga, Lafiya, Makurɗi har Lokpanta, kwana da kwanaki a saman tirela, yana rage shan ruwa don kada fitsari ya dame shi, yana danne bayan gida don direba ba zai tsaya ba. Ya sauka, abincinsa burodi da shayi da indomi da tsire. Mai gadi da ɗan acaba da mai faskare duk kusan haka ne. Ga kuma tiramol da kodin, waɗanda suke ɗaure hanji tamau, ban da sauran illarsu.

Bincike ya nuna cewa ƙara abinci mai dusa da ganye kaɗai yana rage zubar jinin basir da kusan rabi. Abin kuma ba tsada: wake, zogale, rama, alayyahu, ugu, kuɓewa, miyar kuka, tuwon dawa ko gero da ba a surfe ƙwarai ba, acca, gwanda, goba, lemu da ɓargonsa. A sha ruwa har fitsari ya yi fari. Idan bayan gida ya zo a tafi, kada a danne. A daina zama da waya a bayi, minti biyar ya isa, in bai zo ba a tashi. Tsarki da ruwa da muke yi ya fi goga takarda. Idan wurin ya kumbura, a zauna cikin ruwan ɗumi zalla na minti goma, ba sai an zuba komai ba.

Wanda aka yi wa allura ya kuma riƙe waɗannan, shi ne yake da rabon ya daɗe bai koma ba. Wanda kuma nasa bai wuce mataki na 1 ba, sau da yawa waɗannan kaɗai sun ishe shi, ya bar kuɗin allurar a aljihunsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na kudu.